Ƙofar Ɗakin Hoto

"Darakta, kana ji na?"

"Ina jin ka, Injiniya. Har tarin naka yana isowa lafiya lau."

"To na baro ɗakin haihuwa, ina cikin baranda. In na yanke ka faɗa."

Mode ya gyara zama a kan kujerar da ba a ma cire wa leda ba, ya maƙale kan wayar tsakanin kunne da kafaɗa. Daga teburin karɓar baƙi yana iya hango dogon zauren asibitin: kujerun jira a jere babu mai jira, gadon tura mara lafiya an jingine shi a bango da takardar kamfani har yanzu a ƙafarsa. Wani attajiri ne ya gina wurin a unguwar Arkilla, bene mai hawa-hawa, kuma ba a buɗe shi ba tukuna. Ba likita, ba nas, ba ko warin magani. Fenti kawai ake shaƙa.

Magina sun zuba kankare kamar suna tsoron yaƙi, saboda haka da ka shigo ƙofa sabis ɗin wayarka ya tsaya a waje yana jiran ka. Shi ya sa aka ɗauko Malam Siddiƙu, maƙwabcin Mode a unguwar Gidan Dare, tsohon ma'aikacin wayar tarho ta gwamnati, ya haɗa musu wayoyin cikin gida da ba su da igiya. Ya bi silin ɗin asibitin ya manna wasu fararen rautoci masu kama da murfin kwano, kowace da ɗan koren ido. Nas za ta sa waya a aljihu, tana tafiya tana magana, wannan rauta ta miƙa muryarta ga ta gaba. Inda miƙawar ta gagara, murya ta faɗi ƙasa.

Hanyar gano irin wannan wuri ɗaya ce. Mutum ɗaya ya ɗauki waya ya yi ta yawo yana surutu ba tsayawa, wani kuma ya zauna ya saurara. Siddiƙu ya ce duk Gidan Dare babu wanda ya kai Mode cancanta da rabi na biyun, tunda ya ƙare ƙuruciyarsa a ma'aikata yana zaune yana sauraron manya. Ya yi ritaya yana mataimakin mataimaki, kujerar darakta kuwa sai dai ya kai mata takarda. Daga nan sunan ya samo asali. Mode bai taɓa jin haushi ba. A ganinsa, muƙamin da gwamnati ta hana shi maƙwabci ya ba shi kyauta, kuma ba a cire haraji.

Da farko Siddiƙu lissafi yake yi a cikin wayar. Da ya gaji da lissafi ya koma labari. Cikin 'yan kwanakin nan Mode ya ji abin da zaman katanga ɗaya bai taɓa jiyar da shi ba, sai dai a gutsure yake zuwa: za a fara a ɗakin tiyata, tsakiyar ta ɓace a matakala, ƙarshen ya fito a wurin ba da magani. A haka ya ji labarin mahaifin Siddiƙu, manomin shinkafa a Dundaye, wanda ya fita fadama da safe aka tsince shi da yamma kife a kan kunya, shi kaɗai.

"Inna har ta koma ga Allah tambaya guda take yi," in ji muryar, tana ɗan rawa don ta zo kan kwana. "Ko ya cika da kalma? Wa za shi gaya mata? Tsuntsaye? Ni dai Darakta, katanga guda ta tsakaninmu. In tawa ta zo, ka ji motsi, ka tsallako."

"Da wannan gwiwar? Sai dai ka jira in zagayo ta ƙofa."

"To zan jira. Kai dai ka zo."

Ranar Lahadi ce wannan, ana gab da la'asar. Leburori ba su zo ba. Bawa maigadi yana can bakin get, nesa, ya kunna rediyo. Tun safe Siddiƙu ke shafa ƙirji yana cewa olsa ce, kuma ya hana a gaya wa Bara'atu matarsa, don in ta ji za ta hana shi yaji.

"Na hau sama," ya ce. Numfashinsa ya cika wayar. "Ka san dauri, lokacin da munka ja waya zuwa ƙauye, mutane sun ɗauka in ka taɓa sandar..."

Shiru.

"Ka yanke," in ji Mode, da ɗan jin daɗin mai aikin da ya samu abin yi. "Injiniya, nan ma akwai rami. Koma baya kaɗan."

Ya jira. Ya saba da wannan. In murya ta faɗi, bayan 'yan taku takan dawo a tsakiyar wata maganar. Ya sosa gwiwa. Ya dubi koren idon da ke saman kansa. Can ya lura da wani abu da ya sa ya daina sosa gwiwar. Shirun rami daban yake, busasshe ne, kamar an toshe kunne da auduga. Wannan shirun akwai iska a cikinsa. Akwai ɗaki a cikinsa.

"Mode."

Rabon da Siddiƙu ya kira shi da sunansa tun ranar da aka yi wa Mode rasuwar ɗa.

"Na'am. Kana ina?"

"Na zauna."

"Ka zauna ina? Wane ɗaki?"

"Ban sani ba. Da sanyi dai." Ya ja numfashi, da ƙyar ya sauke shi. "Ba olsa ba ce."

Mode ya miƙe har ledar kujerar ta biyo shi. Wayar teburin tana haɗe da bango, igiyar kanta kuma ba ta wuce tsawon hannu ba. Ya zaro tasa daga aljihu, ko ɗigon sabis babu. Ya rufe bakin wayar da tafi ya ƙwala wa Bawa kira. Zauren ya karɓi sunan ya jujjuya shi ya maido masa. Daga get babu abin da ya amsa sai rediyo, can ƙasa-ƙasa, ana sanarwar ɗaurin aure.

"Bari in hawo. Yanzun nan."

"Kada ka aje."

"Siddiƙu, in kira Bawa, mu samo mota..."

"Kada ka aje, Mode. Ɗakunan da yawa. Ba ka iske ni."

Gaskiya ya faɗa. Hawa biyu ne a saman Mode, kowane da ɗakuna kamar saƙar zuma, ƙofofi duk iri ɗaya, ga gwiwa. In ya aje wayar ya tafi, wataƙila ya same shi da rai. Wataƙila kuma ya yi ta buɗe ƙofofi yayin da mutumin ke can shi kaɗai da waya a kunne, babu kowa a cikinta. Mode ya yi shekaru yana kai wa wasu takarda su yanke hukunci. Ya duba hagu da dama, babu wanda zai kai wa wannan.

Ya koma ya zauna.

Ya san yadda ake yi, ya ga an yi wa mahaifiyarsa. Ba a ce wa mai gargara faɗi kaza, kada zafin ciwo ya sa ya ce a'a. Kai ne za ka riƙa faɗa kusa da kunnensa, a hankali, har harshensa ya kama. Bai taɓa jin wani malami ya yi bayanin yadda ake yi ta waya ba, amma kusa da kunne dai ai ya fi kowa kusa. Ya fara. Muryarsa ta fita ta bi zauren, ta ratsa kujerun da babu kowa, ta dawo masa kamar akwai wani a ƙarshen barandar yana amsawa. Ya rufe ido don kada ya duba.

Ya maimaita. Ya sake. A ɗaya gefen numfashi ne kawai, da wani ɗan ƙaran abu da ake ja a kan tayil.

Sannan muryar ta zo, siririya, amma tar: "La ilaha..."

Sai wani dogon huci ya taso ya rufe ta, doguwar ajiyar zuciya mai fita a hankali kamar ana sace iskar taya. Ya yi tsawo fiye da yadda Mode ya zaci ƙirjin mutum zai iya. Ya ƙare ɗif. Wayar ta yi 'yar ƙara, layin ya mutu.

Bai tuna yadda ya kai get ba. Shi da Bawa suka hau, suna buɗe ƙofofi, kowane ɗaki gado a cikin leda da koren ido a sama yana kallon su. A ƙarshen barandar hawa na biyu Bawa ya tsaya ya nuna ƙasa. Takalmi ne, wari ɗaya, a gaban wata ƙofa mai kauri da aka rubuta ɗakin hoto a kanta. Sai da suka sa kafaɗa su biyu ta buɗe. Siddiƙu yana zaune a ƙasa, dab da ƙofar, ya jingina da bango, hularsa ba ta ko karkace ba. Wayar na hannunsa a kan cinya.

Washegari da safe aka kai shi. Mode ya karɓi gaisuwa a ƙofar gida tare da dangi, yana amsa "ya haƙuri" da bakin da ya saba. Mutane suka yi ta cewa Allah ya yi wa mamacin gata, ga maƙwabci a kunne har ƙarshe. Wani liman ma ya kafa misali da shi. Mode ya sunkuyar da kai, aka ɗauka tawali'u ne.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, aka ce Bara'atu na son magana da shi. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninsu. Ba ya ganin komai sai gefen tabarma da yatsun ƙafarta.

"Malam Mode, an ce kai ne kaj ji ƙarshe nai."

"Ni ne."

"Ya cika da ita?"

Ya shirya wa wannan tambaya tun a maƙabarta. Ya tanadi amsoshi masu kyau, irin na ma'aikata, waɗanda ba ƙarya ba ne kuma ba sa cewa komai. "Allah shi jiƙan shi," ya ce. "Ya kama hanya mai kyau."

"Ba wannan nit tambaye ka ba."

Yatsun ƙafar ba su motsa ba. Mode ya dubi labulen, ya ga in ya yi mata ƙarya zai riƙa jin motsinta ta katanga har ƙarshen ransa.

"Ya fara," ya ce. "Rabin farko na ji shi da kunnena. Daga nan numfashi ya ɗauke shi."

Su duka sun san abin da rabin farko ke cewa in aka bar shi shi kaɗai. Malamai sun ce niyya ake dubawa, Mode ma ya faɗa mata haka, ta ce ta sani, ta gode. Ya ji ta ja carbi. Daga ranar ya daina cin abincin kirki, har matarsa Shamsiyya ta fara tambayar ko shi ma olsar ce.

Lailatu ce ta tare shi a zaure bayan kwana biyu. Ita ce babbar 'yar mamacin, tana aiki da wani kamfanin sadarwa a Kaduna, kuma tun tana ƙarama ita ke riƙe wa ubanta tsani. Ta gaishe shi a durƙushe, ta tashi da tambaya.

"Baba Mode, Inna ba ta barci. Ina son ka gaya mini yadda anka yi, amma ba irin na ta'aziyya ba. Bayan numfashin, mi kaj ji?"

"Ba komai. Layin ya mutu."

"Ya mutu, ko shiru ya yi?"

"Ya mutu, ɗiyata. Har da 'yar ƙarar nan."

"Nan take?"

"Nan take."

Ta dube shi da idon ubanta, irin kallon da yake yi wa waya in ta ƙi aiki. "Baba, in mutum ya cika da waya a hannu, layi ba ya cikawa tare da shi. Da ka ci gaba da jin ɗakin har batir ya ƙare. Wa ya kashe kiran?"

Mode ya yi kwanaki yana juya wannan abu ta fuskar malamai, bai taɓa juya shi ta fuskar waya ba. Amsar farko da ta zo masa ba ta injiniyoyi ba ce.

"Babu kowa a benen," ya ce.

"Na sani. Gobe ka raka ni."

Da hantsi suka je a keke mai ƙafa uku. Bawa ya buɗe musu, ya yi mata gaisuwa, amma ya ce shi daga matakala ya yi iyaka. Tun ranar, in ji shi, ko da rana ba ya son yadda fitilun nan ke kallon mutum. Lailatu ta sa Mode ya kwatanta mata komai: inda uban ya jingina, inda ƙafarsa take, inda aka tsinci takalmin. Ta ce ɗakin hoto ba kamar sauran ba ne, ana shimfiɗa darma a cikin bangonsa da ƙofarsa don kada hasken na'urar ɗaukar hoton ƙashi ya fita ya cuci mutane. Abin da ya hana haske fita, zai hana murya.

"To ai na ji shi daga ciki," in ji Mode.

"Shi ya sa munka zo. Zauna inda ka zauna, Baba."

Ya zauna. Ledar kujerar ta yi irin kukan da ta yi ranar. Ta zaro wayar ubanta daga jaka, wadda aka ɓamɓare daga hannunsa, ta kunna, ta danna. Ta teburin ta yi ƙara. Sunan da ya fito a ɗan gilashin shi ne wanda mamacin ya sa wa wayarsa da kansa: Injiniya. Mode ya bar ta ta yi ƙara fiye da yadda ya kamata kafin ya ɗauka.

Ta juya ta nufi matakala. Ya ga bayanta ya ɓace, muryarta ta rage a kunnensa.

"Ina kan matakala. Kana ji na?"

"Ina jin ki."

"Na hau. Ina cikin baranda. In na yanke ka faɗa."

Ba wanda ya koya mata wannan jerin maganar a gabansa. Har inda take sauke murya a ƙarshe iri ɗaya ne. Mode ya matse wayar da hannu biyu. Ya ji takunta a kan tayil, ya ji ta tsaya, ya ji nishinta tana tura abu mai nauyi.

"Na shiga. Na zauna inda kac ce. Ƙofar na son rufewa da kanta, akwai wani ƙarfe a sama da ke jan ta, amma na tare ta da ƙafa. Har yanzu kana ji na?"

"Tar nake jin ki."

"Da sanyi," ta ce, ba da shi take ba. Ya ji ta ja hanci. "To Baba, ka fara yadda ka yi. Zan bi ka. In na fara, zan janye ƙafata."

Ya so ya ce mata a bari. Bai dace mai rai ya zauna a wurin ba, bai dace a yi gwaji da wannan kalma ba, kuma can ƙasan ransa yana tsoron a gwada a ji komai lafiya lau har ƙarshe. Amma ya fara. Zauren ya karɓa ya maido masa, kamar wancan karon. Ya maimaita. Ya ji ɗan ƙaran abu ana ja a kan tayil.

"La ilaha..." in ji Lailatu.

Sai hucin ya taso.

Shi ne. Doguwar ajiyar zuciyar nan, mai fita a hankali, wadda ta yi tsawo fiye da ƙirjin mutum. Mode ya yi kwanaki yana jin ta a cikin salla, a cikin kwanon tuwo, yana cewa ran maƙwabcinsa ne ke fita, ashe ƙarfen saman ƙofa ne ke sauke iskarsa. Yanzu da ya san abin da yake saurare, ya ji cewa a ƙarƙashin hucin muryar ba ta tsaya ba. Tana nan tana tafiya, tana ƙanƙancewa, kamar mai magana yana shiga rijiya. Ƙofar ta kai ɗif. Wayar ta yi 'yar ƙara.

Mode ya sauke kan wayar a hankali ya ɗora a gwiwa. Leɓunansa suka ƙarasa sauran da kansu.

Rana ta shigo ta gilashin ƙofar gaba ta kwanta a kan kujerun jira. Daga get rediyon Bawa na ta magana ƙasa-ƙasa. A sama babu motsi, ba a buɗe ƙofa ba, ba taku a matakala. Ta daɗe a ciki. Mode bai kira ta ba.